Tsohon Irin da Pi Darkungi ta Bayar

Surukata Pi Darkungi ba muguwa ba ce. Gara in fara da wannan, kada wani ya ji rabin labarin ya yanke mata hukunci. Gajeriyar mace ce mai kaurin wuya, irin na matan da suka tashi da igiyar kwando a goshi, bakinta kullum jajir saboda taunar kuhva, goron mutanenmu. In aka yi rasuwa a ƙauyenmu, nan gabashin Mizoram, ita ake fara gani a gidan makoki da itacen wuta a baya. In aka kaɗa gangar coci, kafin mai gangar ya gyara zama ta riga ta kama bencinta na gaba. Safe da yamma, duk lokacin da za ta ɗora tukunya, sai ta auna shinkafar gida, sannan ta damƙo danƙi guda ta zuba a tulun Ubangiji, wanda matan zumunta ke zuwa su juye don aikin ikkilisiya. Tun da na shigo gidan a matsayin matar autanta Rokima ban taɓa ganin ta manta ba, kuma ba da yatsu uku take ɗiba ba kamar wasu da na sani, cike take damƙowa.

Abu ɗaya ne hannunta ba ya buɗuwa a kansa, irin shinkafarta.

Jar shinkafa ce mai danƙo, wadda in an dafa ta ƙanshinta ke tsayar da mai wucewa a hanya. Daga mahaifiyarta ta gada. A yunwar da aka yi tana yarinya, uwar ta ɗura irin a cikin guntun gora ta ɗaure a ƙugunta, suka yi ta tonon doyar daji suna ci. Ƙanin Pi Darkungi ya mutu a wannan yunwar, irin yana ɗaure a ƙugun uwarsu, ba ta daka shi ba. Surukata takan ba da labarin nan ba tare da muryarta ta ko girgiza ba, ni kuwa duk ranar da na ji shi abinci ba ya shiga min.

To, duk ƙauyen babu mai wannan iri sai ita. In Kirsimeti ya zo takan daka, ta yi curi a ganyen ayaba, ta bi gida gida tana rabawa. Amma ki ce ta ba ki na shuka, sai ta yi dariya ta ce, "Ci ki ƙoshi, 'yar nan, ki ƙara. Mai rai dai ba ya fita gidan nan." Ko ɓuntu za ta watsa wa kaji sai ta tsince shi tukuna. Rokima yakan ce ranar da gobara ta kama gidan, garwar iri za ta fara fitarwa, ta koma ta ɗauko littafin waƙoƙinta, sannan ta tambayi maƙwabta ko wani ya ga ɗanta.

Shinkafar tudu kuwa ba ta jimirin ajiya. In ta shekara a garwa za ta tsiro. In ta shekara biyu, yawancinta ya mutu, ko da ido yana ganinta lafiya lau. Dole kowace damina a mayar da ita ƙasa, in ba haka ba an rasa ta ke nan har abada.

Ana haka gora ta yi fure. Ni ban taɓa gani ba, har na tsinko na kawo gida ina nuna wa mutane kamar wata sakarya. Tsofaffi suka duba suka kau da kai. Kusan shekara hamsin gora ke yi kafin ta yi fure, kuma duk dajin lokaci guda yake yi. Sai ta zubar da 'ya'ya, ɓeraye su ci su yi ta haihuwa ba iyaka, ranar da 'ya'yan gora suka ƙare kuma su juyo kan gonaki. Mautam muke ce masa. Shi ne ya kashe ƙanin surukata.

Ma'aikatan gona suka zo suka ce bana a bar shinkafa, a sa citta da kurkum, ɓera ba ya cin su. Kusan kowa ya bi. Rokima ya tari uwarsa da maganar muna cin abincin safe.

"Ka nu," in ji shi, wato Mama da yarenmu, "bana ki haƙura. Ɓeraye za ki noma wa."

"In haƙura in yi yaya da irin? In jiƙa in sha?"

"Ki ajiye zuwa baɗi."

"Baɗi ma ɓeran na nan, kai da aka haifa jiya. In ajiye shi ya mutu a garwa ina kallo? Kuma citta zan riƙa zuba wa Ubangiji a tulu?" Ta nuna shi da cokali. "Wanda ya yi alkawarin cewa shuka da girbi ba za su yanke ba muddin duniya na nan, bai ce ban da shekarar ɓera ba. Nawa in shuka, nasa ya cika maganarsa."

Rokima ya dube ni yana neman agaji. Na sunkuyar da kai cikin kwanona, don ni da ita muke wuni, shi yamma kawai yake ganinta. Kuma a raina na ji ta burge ni. Tsoron da take ji ya fi na kowa, tunda ita ta san abin da ke zuwa, amma ta ce za ta shuka.

Ran Lahadin da ta biyo baya dattijon ikkilisiyarmu, Pu Hranga, ya yi wa'azi a kan shekarar da muke shiga. Ya ce yunwa kafin ta taɓa ciki hannu take fara kamawa, kowa ya dunƙule nasa. Ya ce Yesu ya yi wa mai bayarwa alkawarin za a ba shi, amma da irin awon da ya auna wa ɗan'uwansa za a auna masa. Surukata na gaba tana gyaɗa kai, amin ɗinta ya fi na kowa ƙara.

Washegari matan zumunta suka zo juye tulu, suka zauna shan jan shayi da mazarƙwaila. Sai ga Zingi a bakin tsanin hawa gidanmu. Zingi 'yar tsallaken kogi ce, daga ƙasar Bama da ke iyaka da mu, wahala ta koro su ita da mijinta da 'ya'yansu. Can ƙolin dutse suke zaune, sama da inda gora ke fitowa, suna ƙona gawayi. Takan sauko ta yi mana ciran ciyawa a gona. Mutanen ƙauyenmu suna zama benci ɗaya da irinsu a coci, amma in kaza ta ɓace su ake fara kallo.

Ta gaisa, ta ƙi zama. Ta ce, "Ka pi," yadda muke kiran dattijuwa don girmamawa, "jiya na ji wa'azi, shi ya ba ni ƙarfin hali. Na share 'yar gona a bayan bukkarmu. Ki taimake ni da irin jar shinkafarki, ko kaɗan ne. A garinmu muna da mai kama da ita, na yi kewar ƙanshinta."

Matan nan babu wadda surukata ba ta taɓa hana wa irin nan ba, duk suka ajiye kofuna suna jira. Matar Pu Hranga har da gyara zama. Na ga wuyan surukata ya kumbura. Ta miƙe ta shigo ciki, ni ina durƙushe a bakin murhu ina iza wuta.

Garwa biyu ce a kan kantar da ke bisa murhun. Ɗaya irin bana ne, wanda ta zaɓe zangarniya zangarniya da hannunta. Ɗayar ragowar bara waccan ce, ta sha hayaƙi har ta gaji, an bar ta ne don a daka. Ta ɗora hannu a kan sabuwar. Ta daɗe a haka, leɓunanta na motsi, na tabbata addu'a take yi. Sai hannun ya zame ya koma kan tsohuwar.

Ta fita da ita, ta ce wa Zingi ta tara zaninta, ta juye mata duka, har da buga gindin garwar. Matan suka ɗauki sowa. "Yau ga abin mamaki! Pi Darkungi ta tuba!" Matar Pu Hranga ta ce wannan sai an faɗe shi a gaban jama'a. Zingi ta ɗebi kaɗan ta kai hanci, ta ɗago ta dubi surukata, sannan ta yi godiya ta ɗaure zaninta ta tafi. Matar ɗa ba ta ƙaryata uwar miji a gaban baƙi, amma shayin ranar ɗaci ya yi min.

Da aka yi ƙuri'ar rabon gonaki, tamu ta faɗo can gangare, dab da dajin gora. Muka sare, muka ƙona, ruwan farko ya sauka muka shuka rabin sabuwar garwar. Da muka koma dubawa, ramukan duk an tone su, layi layi, kamar wani ya bi sawunmu da tsinke. Rokima ya ce to alama ta isa, a bar sauran. Surukata ta ce sauran ma in an bar shi mutuwa zai yi. Muka jira ruwa ya kankama muka sake shukawa, wannan karon ta juye duk abin da ya rage. A hanyar dawowa garwar na cikin kwandona tana ƙara duk takun da na yi, sai ta ce in cusa mata tsumma, ba ta son ji.

Ya tsiro. Daga nan kuma barci ya ƙaurace wa gidanmu. Rokima, duk da gunaguninsa, ya kewaye gonar da tarkon gora. Kowace safiya sai mu kwashe matattun ɓeraye mu zubar a rafi, gobe mu tarar da fiye da haka. A hanyar gona kana jin dajin na motsi ko babu iska. Surukata ta rame, zaninta ya riƙa zamewa. Da can in mun isa bukkar gona takan tsaya ta yi addu'a da ƙarfi, ta tuna wa Allah alkawarinsa kamar mai yi wa maƙwabci tuni. Yanzu sai ta fara, ta kai tsakiya, ta yi shiru. A coci kuwa duk sanda aka kawo misali da kyautarta, yatsun ƙafarta take kallo. In mijin Zingi ya sauko da gawayi, kafin ya iso ƙofarmu ta shige ɗaki ta ce kanta na ciwo.

Wata rana da tsakar rana ruwa ya tsare mu a bukka, ni da surukata. Shinkafa ta fara fitar da kai. Tana kallon gonar ta ce, "Sangte, ranar nan kina bakin murhu."

"Ina nan, Ka nu."

"Me kika gani?"

"Hayaƙi ya cika min ido."

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba, bakinki karkacewa yake yi."

"To na gani."

Ta tofar da kuhva waje. "Ai na bayar. Ce min aka yi in bayar, na bayar. Garwa guda cur."

"Ki hau dutse ki faɗa mata haka."

"In je da me? Me ya rage min da zan kai mata?"

"Bakinki ya rage."

"In ya ba ni girbin nan, da kaina zan cika kwando da sabon iri in kai mata har ƙofa. Na faɗa masa, ya sani."

Ni kuma bakina ba ya jin magana. Na ce, "Wato shi zai fara yi miki biyayya, ke ki bi daga baya."

Har muka iso gida ba ta sake yi min magana ba, gishiri ma Rokima ta ce ya miƙo mata alhali yana gabana. Na ji tausayinta daga baya. Tsohuwar nan ta gaskata alkawarin da dukan zuciyarta, shi ya sa ma take tsoro. Da ba ta gaskata ba, da ta yi barcinta.

Ƙwaya ta cika, ta fara ja, amma in ka matsa ruwa ne fari ke fita. Muka ce ko da mako guda ta ƙara sai mu yanke, ko ba ta gama bushewa ba. Ran Asabar muka baro ta tana rangaji. Lahadi ba a zuwa gona. Ran Litinin da sassafe muka gangara, tun daga nesa na ga launin gangaren ya sauya, na ce wa kaina hazo ne. Ba hazo ba ne. Babu zangarniya ko ɗaya a tsaye. Kara ne kawai a kakkarye, ƙasa ta rufe da ɓuntu da kashin ɓera, ga wani wari mai tayar da zuciya. Tarkunan sun cika har sun daina kamawa.

Surukata ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta riƙa rarrafe tana tona ɓuntun da yatsu, daga wannan gefe zuwa wancan, har rana ta take. Duk wanda ta ɗauka ta murza, fanko ne. Rokima ne ya ɗaga ta da ƙarfi ya goyo ta rabin hanya.

Muka koma cin shinkafar tallafi, fara fat, ba ƙanshi ba daɗi. Ta ci gaba da zuba danƙinta a tulu, amma ta daina waƙa. Mu biyu mun san inda ragowar irin mahaifiyarta yake a duk duniya, in ma akwai shi, kuma mun san irin wanda ta bayar. Na yi ta jira ta ce mu tafi, ba ta ce ba. Kunya ta riƙe mata ƙafa, kuma ina jin ta fi son zama cikin rashin sani da ta je ta ga babu.

Da Kirsimeti ya matso samari suka fara gwajin waƙa, na kasa haƙuri. Na ce, "Ka nu, in ma wani abu ya tsiro wa Zingi, makon nan za ta daka shi. Wa zai ajiye shinkafa mai danƙo ranar Kirsimeti, ga yara da yunwa?"

Ta dube ni kamar na watsa mata ruwan sanyi. Ta ce, "Ɗauko mayafinki."

Hawan dutsen nan ko saurayi sai ya huta. Ita ga gwiwa, ga rashin cin kirki. Muka ratsa dajin gora da ya bushe ƙaf ya yi fari, muka shiga inda itatuwan sanyi suke. Tana haki tana tambaya.

"In ba ko ɗaya da ya tsiro fa?"

"To babu ke nan."

"In ya tsiro ɓera ya cinye?"

"Can sama ba su kai namu yawa ba, haka aka ce."

Muka ƙara tafiya. "In akwai kuma ta hana ni?"

"Sai mu ce a wurin wa ta koya?"

"Allah ya haɗa ni da suruka," in ji ta, amma ba ta da numfashin yin faɗa.

Mun fara jin warin gawayi ke nan sai ta tsaya cak ta kama hannuna. Daga sama ake jiyo shi, dum, dum, dum. Turmi ne. Wanda bai taɓa shuka ba ba zai gane abin da wannan ƙarar ta yi mana ba. Shinkafar da tabarya ta fasa wa riga ta gama rayuwa, ko a ƙasar aljanna aka binne ta ba za ta tsiro ba. Tsohuwar da nake ja da hannu ta fizge, ta yar da sandarta, ta hau da hannu da ƙafa tana kiran sunan Zingi. Ni da ƙuruciyata ban cim mata ba.

Na iso na tarar ta rungume tabaryar a sama, Zingi na riƙe da ɗaya gefen baki buɗe, yaranta sun kewaye turmin suna kallo. Na leƙa ciki. Jar shinkafar ce, ƙanshinta ma ya isa shaida. Ba ta fi cikin ƙaramin kwano ba, kuma an riga an ci ƙarfin dakan.

"Akwai saura?" in ji surukata. "Wadda ba ki zuba ba?"

"Duka ke nan, Ka pi."

Surukata ta zauna a ƙasa cikin toka. Zingi ta aika aka kawo mata ruwa, ta ba mu labari. Ta ce duk gangaren bayan bukka ta shuke, ta yi ta jira, sai ya tsiro ɗaya a nan, ɗaya can, ka yi tafiya kafin ka ga na gaba. Mijinta ya yi ta dariya yana cewa gonarta ta yi sanƙo. Sai ta bi su ɗaya ɗaya ta ciro da ƙasarsu, ta dasa a jikin bukka, ta kewaye da tsofaffin kwanon rufi, ta ɗaure kyanwa a wurin. Da a ce gonar ta cika, da ba ta iya tsare ta ba, don ɓerayen sun hawo nan ma, sun cinye musu masara.

Surukata ta ce, "Zingi, tsohon iri na ba ki. Na bara waccan. Sabon yana nan a gefensa, na bar shi. Ina sane na yi."

"Na sani, Ka pi."

"Kin sani?"

"Tun a ƙofarki na ji warin hayaƙi. Mu ma manoma ne kafin mu zama masu gawayi." Ta goge hannu a zani. "Kada ki ɗauka waliyiya ce ni. Duk hawan dutsen nan zaginki nake yi a raina, ban daina ba sai da damina ta raba. Ga mata na yi miki tafi, ni ina tsaye da gawa a zani."

"To me ya sa kika shuka?"

"Iri na roƙi Allah, wannan aka sa min a hannu. In zauna in jira wanda ya fi shi? Na ce masa, ga abin da baiwarka ta ba ni, ni zan sa a ƙasa, in akwai rai a ciki kai ka san inda yake."

A nan ne surukata ta yi kukan da ba ta yi a gona ba. Kuka mai muni, baki a wage, har ƙaramin yaron ya ɓuya a bayan uwarsa. Zingi ta bar ta ta yi mai isarta, ba ta rarrashe ta ba, kuma ban ga laifinta ba. Can sai ta ɗauko faifai ta juye turmin a kai.

Duk mai daka ta san tabarya ba ta samun kowace ƙwaya, akwai masu zillewa da rigarsu. Muka zauna mu uku muka sa kai a faifan muna tsince shanshera daga cikin dakakkiya. Wadda ta tsage mu mayar, wadda take lafiya mu ware gefe. Surukata in ta ɗauki ƙwaya sai ta ɗaga ta ga rana ta juya ta. Yaran suna haɗiyar yawu suna kallon abincin bikinsu na raguwa. Da muka gama, abin da muka samu bai rufe tafin hannu ɗaya ba.

Zingi ta tattara ta zuba mata a hannu. "Riƙe, Ka pi. Na mahaifiyarki ne."

Hannun ya dunƙule nan take, har jijiyoyi suka fito. Ta yi godiya, ta miƙe, na ɗauko mata sandarta muka kama hanya. Mun kai bakin gangare sai ta tsaya. Na ce, "Ka nu, rana na yi, gangara ta fi hawa wuya." Ba ta ji ni ba. Tana tsaye tana kallon dunƙulen hannunta, leɓunanta na motsi, ni kuma ban san inda za ta faɗa ba wannan karon.

Ta juya ta koma. Ta durƙusa gaban faifan, ta buɗe hannun da ƙyar kamar an ɗaure shi da igiya, ta zube ƙwayoyin ta raba biyu da ɗan yatsa. Sannan ta riƙa zaɓo masu ƙiba daga nata ɓangaren tana turawa ɗayan, tana jawo ƙanana wajenta. Zingi ta ce ya isa. Ta ce bai isa ba. Abin da ta ƙulle a bakin zaninta muka sauko da shi, tsuntsu ɗaya zai iya cinye shi bai ƙoshi ba.

Damina ta gaba surukata ta shuka nata a bayan gida, ta tsare shi kamar jariri, duk da haka ɓerayen da suka yi saura suka same shi. Na Zingi ne ya tsira. Da ta girbe ta sauko mana da rabi, sauran kuma, da yake ita hannunta ba ya riƙe abu, duk wanda ya tambaya sai ta ɗibar masa. Cikin 'yan shekaru jar shinkafar ta bazu ƙauyenmu da na maƙwabta. Yau ko wace irin annoba ta zo ba za ta same ta a garwa ɗaya ba. Sai dai kowa a hannun Zingi ya karɓa, don haka shinkafar Zingi ake ce mata, har a kasuwar Champhai.

Pi Darkungi ta tsufa ƙwarai yanzu, idonta ya yi rauni, gona ta gagare ta. Bana gab da shuka wata amarya da aka kawo daga wani gari ta zo neman iri. Surukata ta sa na sauko da garwa, ta cika wa yarinyar zani har yana zuba. Amaryar ta shaƙi ƙanshin ta ce, "Ka pi, yaya sunan wannan shinkafar?"

Na ga muƙamuƙinta ya motsa.

"Shinkafar Zingi," ta ce. "Ki shuka ta bana, kada ki ajiye. In ta yi, ki ba wanda ya tambaye ki."

Yarinyar ta yi godiya ta sauka tsani. Surukata ta zauna fuskarta na kallon bango, har na ɗauka gyangyaɗi take yi, na fara kwashe kofuna a hankali.

"Sangte."

"Na'am, Ka nu."

"Chalthangi ne sunan mahaifiyata," ta ce. "Ki riƙe min shi, ke kaɗai ma ya isa."